Shatin Farce a Kan Man Shanu

"Iya, ba a buɗewa! Na ce miki ba a buɗewa!"

Muryar mai gadi ce, kuma Auta ta jiyo ta tun daga ƙarshen layin firij, inda take durƙushe tana jera kwalayen cuku. Ta miƙe da kwali a hannu don ta ga wace ce yau ta jawo wa kanta. Wata 'yar tsohuwa ce ƙarama, ta yafa farin mayafi mai guga, da jakar saƙa rataye a gwiwar hannu. Ta riga ta warware takardar man shanu guda tsaf, ta sa farcen babban yatsa ta lakato, ta kai baki. Ta lumshe ido tana tsotsa a hankali, ba ta ko kula mai gadin ba.

Nan take Auta ta gane ta. Iyan Ƙasa ce, maƙwabciyarsu, wadda ɗakinta yake gindin matakalar benen da suke haya.

"To ɗana, in ban ɗanɗana ba ta ƙaƙa zan san abin da nake saya?" in ji Iya bayan ta haɗiye.

"Komai an rubuta shi a jiki."

"Rubutun ake ci?"

Mutane suka kwashe da dariya. Wata mata mai tura keken kaya ta tsaya ta riƙe baki, wani saurayi kuwa har ya fara ɗaga waya. Kafin ka ce me, ga Manaja ya iso da takunsa mai ƙwas-ƙwas. Wannan mutumin shi ne ya zaunar da Auta ranar da ta fara aiki, ya ce mata tana cikin gwaji, kuma wadda ta gada an sallame ta ne saboda danginta sun mai da kantin gidansu, wannan ya zo a rage masa, wancan ya zo hira. Ya dubi man da aka buɗe, ya dubi tsohuwar, sannan ya sassauta murya irin yadda ake yi wa wanda ake zaton kansa ya taɓu.

"Mama, ke da wa kuka zo? Kina da wani a nan?"

Iya ta ɗago kai ta dubi tsawon layin. Auta tana tsaye a can ƙarshensa cikin koriyar rigar aiki da hula, babu kowa tsakaninsu sai hasken fitilu. Abin da ya rage mata shi ne ta ajiye kwalin ta tako ta ce wannan kakata ce. Wallahi har ƙafarta ta motsa. Sai kawai ta ga ta sunkuya, ta tura kanta cikin firij, tana gyara kwalayen da ta gama gyarawa tun ɗazu. Sanyi na dukan fuskarta, gumi na bin bayanta.

"Ba ni da kowa a nan," ta ji Iya ta ce. "Ni kaɗai na zo. A naɗe min shi, na saya."

Mai gadi ya raka ta wurin biya kamar wadda aka kama da kayan sata. Daga cikin firij ɗin Auta ta jiyo ta tana tambayar yarinyar da ke kan na'ura ko ba a gyara, aka sake yin dariya. Ba ta fito da kanta ba sai da ta tabbata ƙofar gilashin ta rufe.

Ai da ba haka ake sayen man shanu ba, kuma duk cikin ma'aikatan kantin nan babu wanda ya kai Auta sani. Lokacin tana ƙarama Mama, mahaifiyarta, tana aikin wanki a asibiti, sai ta sauke ta wurin Iya da sassafe ta wuce. A bayan Iya ta yi barci, a tabarmar Iya ta yi rarrafe, kuma da zanin Iya take riƙe duk ranar da za su tsohuwar kasuwa. Can cikin wani lungu mai sanyi Mai Man Shanu take da rumfa: katon bahon ruwa da curin mai yana iyo a ciki, cuku a kan katako an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle, sikeli mai kwano biyu, da wata wuƙa da wasawa ya cinye ta har ta zama siririya. Ba a fara maganar kuɗi sai an ɗanɗana. Mai Man Shanu za ta lakato a bakin wuƙa ta miƙa, Iya ta tsotsa, ta yamutsa fuska ta ce, "Na jiya ne." Ita kuma ta dafe ƙirji ta rantse na yau ne, su yi ta ja-in-ja, su gangara kan ciwon ƙafa da rashin jin 'ya'yan zamani, sannan a auna. In sikeli ya daidaita sai a ɗora gyara a sama, ɗan yankin cuku, wannan kuwa na Auta ne, tun a hanya take cinye shi.

Daga baya aka rushe kasuwar, aka gina wannan katafaren kanti a daidai wurin. Mai Man Shanu ta koma wajen 'ya'yanta, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Iya ta daina fita cefane. Matar ɗanta, wadda kowa ke kira matar Direba saboda mijin kullum yana kan hanya da babbar mota, ita ke sayo wani mai rawaya a roba, Iya kuwa ta sa masa suna man shafawa, ta ce ko a kaushin ƙafa ba ta yarda da shi ba.

Shi ya sa ranar da Auta ta samu aiki, bayan ta gaji da yawon nema har takalminta ya huje, sai ta fara gaya wa Iya tun kafin ta hau sama. Ta ce mata a sashen man shanu da cuku aka sa ta. Iya ta tafa hannu ta yi guɗa da 'yar muryarta.

"Ashe ke za ki riƙe wuƙar! Kai, Allah mai iko. To ki riƙa cika wa mutane gyara, kin ji ko?"

Auta ta yi dariya ta ce to. Ba ta tsaya yi mata bayanin cewa babu wuƙa babu sikeli ba, aikinta kawai ta jera kwali ta duba kwanan watan da aka buga a gindinsa, wanda ya kusa lalacewa ta jawo shi gaba. Ta ga me zai sa ta ɓata wa tsohuwa murnarta.

Yanzu ga inda abin ya kai su. Matsalar kuma ita ce duk mai hawa benen nan sai ya bi ta ƙofar Iya, ƙofar da ba a rufe ta sai dai labule. Da yammar ranar Auta ta tsaya a bakin titi wajen mai walda, ta yi ta kallon tartsatsin wuta kamar wadda aka aiko ta koyon sana'a. Ta yi ta faɗa wa kanta cewa Iya tana da yanar ido, ko allura ba ta iya zura wa zare, ina za ta gane mutum daga wancan nisa, cikin hula kuma? Da wannan ta samu ƙarfin shiga. Amma da ta zo gindin matakala sai ta cire takalmi ta riƙe a hannu.

"Wa ke nan? Auta ce?"

Ta yi kunnen uwar shegu, ta haye sama da sanɗa.

Haka ta yi ta yi. Ta fita tun Iya ba ta ɗaga labule ba, ta dawo da takalmi a hannu, ita da ta saba faɗawa ɗakin ko sallama ba ta gama ba ta buɗe kwanuka. Kullum sai ta ce gobe za ta shiga, goben kuma in ta zo sai kunyar ta ninka ta jiya, don yanzu ban da abin kanti akwai na kwanakin da ta yi tana wucewa. Ana cikin haka Manaja ya kira ta ofis ya ce ta ci gwaji, an tabbatar da ita. Har ya yaba mata, ya ce abin da ya burge shi da ita, ba ta kwaso musu dangi. Ta yi godiya, ta fito ta shiga banɗaki ta kulle, ta daɗe a tsaye tana kallon famfo.

Tari ta fara jiyowa daga ƙasa, daga baya ta ga mota ta zo ta ɗauki Iya, ta kuma dawo da ita. Matar Direba ta ce wa Mama a tsakar gida, zuciyar ce ta gaji, likita ya ce a kai ta gida a kula da ita kawai. Ta ce ita abin da ya ɗaure mata kai, wata rana can tsohuwar ta ci ado ta fice ba ta gaya wa kowa ba, ta dawo a ƙafa tana haki, ta ƙi faɗin inda ta je, tun daga nan kuma ba ta sake zama daidai ba. Auta tana saman matakala tana shanya, ta ji komai.

Ranar hutunta Mama ta tsare ta a ƙofar kicin.

"Ke wai me Iya ta yi miki?"

"Ba komai, Mama. Aiki ne ya yi yawa."

"Aiki? Mai walda ya shiga ya gaishe ta, mai gyaran takalmi ya shiga, har mutanen sama da suka tare jiya-jiyan nan sun shiga. Matar da ta wanke miki kashi! Kullum sai ta tambaye ni ke, ni kuma in yi ta ƙaryar kina aiki. Wuce mu je, kafin in saɓa miki."

Ɗakin yana nan yadda ta san shi, gadon ƙarfe, kwanukan tangaran jere a kan kabad, rediyon da aka ɗaure da roba, sai dai warin man zafi ya danne komai. Rana ta karkata, tana shigowa ta taga tare da ƙarar mai walda. Iya tana kwance an tokare ta da matasai, ta ƙanƙance, ƙafafun ne kawai suka kumbura suka yi sumul. Matar Direba tana zaune a gefe tana mata fifita.

"A'a, mai kanti ce da kanta?" in ji Iya. "Yau an tashi kasuwa da wuri ke nan."

Auta ta durƙusa can nesa da gadon. "Sannu, Iya. Ya jikin?"

"Jiki ya ce ya gaji da ni, ni ma na ce na gaji da shi. Matso mana, cizo nake yi?" Ta kama hannunta ta juya shi, tana kallonta da idanun nan masu yana. "Kin rame. Amma koriyar rigar nan ta karɓe ki. Hular ce dai ta yi miki yawa, ki ce su rage ta."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Rigar aiki ba ta taɓa zuwa gida ba, a kantin ake barin ta cikin akwatin ƙarfe.

"Yaushe kika gan ta da rigar, Iya?" in ji Mama. "Ni da na haife ta ban taɓa gani ba."

Matar Direba ta tsayar da fifitar. Auta ta sunkuyar da kai tana jiran abin da ya dace da ita.

"Ita ta kwatanta min," in ji Iya. "Ke kin cika tambaya. Ku je ku dafa min ruwan zafi, ku bar ni da 'yata."

Suka fita, labule ya koma. Auta ta buɗe baki.

"Iya, ranar nan..."

"Miƙo min kwanon can na ƙarƙashin gado. A hankali, da ruwa."

Ƙaramin kwano ne mai murfi, an zaunar da shi cikin wani babba mai ruwan sanyi, yadda ake ajiye mai tun kafin a san firij. Auta ta buɗe. Man shanun kanti ne a cikin takardarsa mai ƙyalli, ba a taɓa shi ba, in ban da gefe ɗaya inda farce ya shiga ya bar ɗan rami mai lanƙwasa.

"Wuƙa tana kan kabad."

Ta ɗauko.

"Ciniki na je yi a hannunki," in ji Iya, tana hutawa tsakanin kalmomi. "Na ce kafin in mutu sai na ɗanɗana a wuƙar Auta. Na yi ta dubawa ban ga rumfa ba, ban ga sikeli ba, sai sanyi kamar ɗakin ajiye gawa. Ashe ba a ba ku wuƙa. To ga wuƙa, sayar min."

Auta ta juya man, ta lakato daga ɗaya gefen, nesa da ramin farcen, ta kai bakin wuƙar leɓen Iya. Tsohuwar ta tsotsa, ta lumshe ido, ta daɗe. Sannan ta yamutsa fuska.

"Na jiya ne."

Hawaye suka fara ɗiga a kan zanin Auta.

"Ke, ba haka ake yi ba. Sai ki dafe ƙirji ki rantse na yau ne."

"Ya yi watanni a firij, Iya. Daga wata ƙasa ma ake kawo shi."

Iya ta fara dariya, dariyar ta koma tari, sai da Auta ta tallabe ta ta shafa mata baya. Ƙasusuwan bayan duk ana jin su ta cikin riga.

"Wannan yarinya ba za ki iya ciniki ba," in ji ta da numfashin ya dawo. "Gara da ba su ba ki wuƙar ba."

"Na gan ki, Iya." Maganar ta fito a dunƙule. "Ina wurin. Na ji duk abin da suka yi miki, na sa kaina a firij."

"Na sani. Ni ma na gan ki, har da ƙafar da kika ɗaga kika mayar." Ta gyara kanta a kan matashi. "Aikin fa? Sun bar ki?"

"Sun tabbatar da ni."

"To, madalla. Da ma shi na ji wa tsoro." Ta kai idonta kan silin. "Hanyar dawowa ce dai ta yi min nisa. Ban san ta yi nisa haka ba."

Auta ta kifa goshinta a bakin gadon. Da a ce Iya ta zage ta, ko ta kira Mama ta tona mata asiri, da ta fi samun sauƙi. Ta daɗe a haka kafin ta iya haɗa kalmomin, ta ce, "Iya, ki yafe min." Ba ta ji amsa ba. Ta ɗago, ta ga tsohuwar ta yi barci, bakinta a ɗan buɗe, leɓenta na ƙasa yana ƙyalli da mai. Ta maimaita a hankali, numfashi kawai ke hawa da sauka. Mama ta shigo da butar ruwan zafi ta ce a ƙyale ta ta huta, gobe ma rana ce.

Washegari da safe labulen a sake yake, matar Direba ta ce ba ta farka ba tukuna. Auta ta yi jim a ƙofar da takalminta a ƙafa, sannan ta wuce don kada ta makara. A kantin ba a yarda ma'aikaci ya riƙe waya ba, tana cikin akwatin ƙarfe tare da kayan gida. Sai da aka ba su hutun cin abinci ta buɗe, ta tarar da kiran Mama jere reras. Ba ta ma kira ba ta gane. Rai ya yi halinsa da hantsi, lokacin tana jawo kwalayen da suka kusa lalacewa zuwa gaba.

Ta fito a guje da koriyar rigar a jikinta, ba ta tuna ta cire ba sai da ta ga mutane cike da ƙofar gida, mai walda ya kashe injinsa yana tsaye da hula a hannu. Mata suka yi ta rungume ta suna mata gaisuwa ita ma, suna cewa ai 'yar Iya ce, ai ita ce ta gaban goshi, Allah ya ba ta haƙuri. Kowace gaisuwa sai ta ji kamar mari. Ta amsa su duka, don babu yadda za ta yi.

Direba ya iso a makare, ya zauna a gadon ƙarfen ya yi kuka kamar yaro. Da mutane suka ragu aka fara kwashe ɗakin, matarsa ta hau sama da kwanon nan a hannu biyu, ruwan yana tangal-tangal.

"Ta ce min tun kwanaki, kwanon nan naki ne, da abin da ke ciki. Ni ban san me ta gani a man nan ba, ta hana kowa taɓawa."

Auta ta karɓa ta yi godiya. Ta zubar da ruwan, ta sa ƙaramin kwanon a firij ɗinsu, can ciki bayan robar madara.

Mama ba ta son a bar abinci ya lalace, don haka da safe ta fito da shi ta ajiye kusa da burodi. Ta ɗauki wuƙa za ta yanka ta inda aka riga aka taɓa, Auta ta riƙe mata hannu ta ce ta bari ita za ta riƙa yankawa. Mama ta dube ta, ta dubi ɗan ramin, ta saki wuƙar. Tun daga ranar Auta ke shafa musu, kullum daga ɗaya gefen, siriri-siriri, man yana gajarcewa yana matsowa.

Wata safiya ta buɗe kwanon ta tarar saura yanki ɗaya, mai shatin farcen. Ta tsaya da wuƙa a hannu, shayi yana hucewa. A ƙasa sababbin masu haya suna ta buga ƙusa, suna sa wa ɗakin Iya ƙofa mai makulli. Ta mayar da murfin, ta tura kwanon bayan robar madara, ta zauna ta ci burodinta gaya.